Karatun MD-PhD a Amurka: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Mai karatu, a Amurka akwai tsarin da ke haɗa karatun likitanci da digirin digirgir na bincike, ana ce masa MD-PhD. Tun 1964 cibiyar NIH take ɗaukar nauyin irin wannan shiri. Ɗalibi zai yi shekara biyu a aji, wajen huɗu a ɗakin gwaje-gwaje, sannan biyu a asibiti. Ba ya biyan kuɗin makaranta, har alawus ake ba shi.

Manufar tana da kyau: wanda ya ga ciwo a gadon asibiti ya fi sanin tambayar da zai kai wa bincike. Drew Weissman, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2023 da Katalin Karikó kan rigakafin mRNA, digirin biyu gare shi.

To amma fa duba lissafin nan. Bayan shekara takwas ɗin, sai horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. Kafin mutum ya koma kan bincikensa, fannin ya yi gaba ya bar shi. Da yawa sai sun haura arba'in suke samun babban tallafin bincike na farko. Ka ga matsalar tana cikin jerin matakan: an koya maka bincike, an kuma raba ka da shi.

Kuma Brown da Goldstein, masu Nobel ta 1985 kan kolestarol, digirin likitanci kaɗai suka yi.

Don haka idan rangwamen kuɗi ne ke jan ka, sake tunani. Wanda ke da tambayar da ta hana shi barci, shi tsarin ya dace da shi.