Keke da Idon Matafiyi: Sharhi a Kan Littafin David Byrne

Labarin tafiya ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya biyo baya da Motsi Ya Fi Zama. Da wannan ma'auni ya kamata manazarci ya auna Bicycle Diaries, littafin da David Byrne, tsohon jagoran ƙungiyar mawaƙan Talking Heads ta Amurka, ya fitar a 2009.

Jigon littafin shi ne, abin hawa ke tsara abin da ido zai gani. Byrne ya zaga birane kamar Barlin da Istambul da Manila da Landan a kan keke mai naɗewa, yana ganin cewa mota ta cika gudu, ƙafa kuma ta cika nawa. A nan ya zarce magabatan namu, domin su baƙi ne da ake kai su inda aka shirya musu, shi kuwa yakan kutsa lungun da ba a gayyace shi ba.

Amma raunin littafin na fitowa fili in aka karanta shi a ƙasar Bici, kan hanyar Kano zuwa Katsina. A wajen Byrne keke zaɓi ne, a wajen manomin Bici kuwa jaki ne na ƙarfe: da shi yake kai taki gona, da shi yake kai buhun gero kasuwa. Wanda ya ɗora buhu a kariya, rairayin hanya yake duba, ba fasalin gine-gine ba. Ke nan ba keken kaɗai ke buɗe ido ba, har da sararin da mahayin ya samu. Marubucin bai tsaya a kan wannan bambanci yadda ya kamata ba, bai kuma keɓe wa wani birni na Afirka babi ba.

Duk da haka, akwai darasi gare mu. Alhaji Mamman Shata ya sha yawon duniya, ya rasu a 1999, tarihinsa kuwa wasu ne suka rubuta. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su naɗi labarin tafiye-tafiyen mawaƙan da ke raye daga bakinsu, tun kafin ƙasa ta rufe ido.