Jinjina ga Masu Kula da Sabar

Haƙiƙa, cikin ma'aikatan da ba a tunawa da su sai al'amari ya ɓaci, akwai masu kula da sabar, waɗanda ba sa taɓa manhajar OpenStack da gyara sai sun tabbatar da wace fitowa ce ke kan na'urar, tamkar malamin hadisi da ba ya karɓar ruwaya sai ya binciki isnadinta. Tun da NASA da Rackspace suka assasa OpenStack a 2010, fitowa ke bin fitowa, sunayensu bisa jerin haruffa: Austin, Bexar, Cactus. Mai gaggawa kan ɗora gyaran wata a kan wata, amanar jama'a ta salwanta. Su kuwa, Allah Ya saka musu da alheri, sukan rubuta "nova-manage version", su karanta lambar da natsuwa, sa'an nan su sa hannu.