Ɗakin da Marubutanmu Ba Su Kwana a Ciki Ba

Bayan kakar bara mun je gaisuwa wani gida a Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, muka tarar ana muhawara a tsakar gida. Yarinyar gidan ta samu gurbin karatu a jami'a, mahaifinta ya amince, har ya sayar da riɗi ya haɗa kuɗin rajista. Maganar wurin kwana ce ta tsayar da komai. Ƙanwar uban ta dage, tana cewa, "Yaya, ni dai ban yarda a kai ta hostal ba. Na san abin da ake yi a can." Muka ce, "Gwaggo, wa ya ba ki labari?" Sai ta ɗaga wayarta. Ba ta taɓa taka harabar wata jami'a ba. Littattafan Hausa da ake karantawa da murya a YouTube take saurare idan tana tsince shinkafa, a nan ta san hostal.

Wannan ne ya sa muka koma muka sake duba yadda ƙagaggun labaranmu, musamman waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, suke kwatanta ɗakunan kwanan ɗalibai. Abin da muka gani shi ne, ɗaki ɗaya ne ake ta maimaitawa daga littafi zuwa littafi, kuma ɗakin bai yi kama da wanda mu da ƙannenmu muka kwana a ciki ba.

Mai karatu ya san tsarin. Yarinya ta taso a gidan tarbiyya, ta iso makaranta da dogon hijabi da jakar bakko. A ɗakin da aka ba ta akwai wata gogaggiya mai wayoyi biyu da akwatin turare. Kafin shafi na goma ta koya mata kwalliya, kafin na ashirin wata baƙar mota ta fara tsayawa a bakin ƙofa bayan magariba. Daga nan sai shaye-shaye, ko maɗigo, ko ciki, sai nadama a gadon asibiti. Idan namiji ne tauraron, abokin ɗakinsa ɗan ƙungiyar asiri ne. Ba mu ce ba a taɓa yin irin wannan ba. Duk inda aka tara matasa dubbai, za a samu nagari da ɓatagari, kamar yadda ake samu a kowace unguwa. Ƙorafinmu shi ne, a waɗannan littattafai hostal ba shi da wani aiki sai lalata yarinya. Ba a karatu a cikinsa, ba a jin yunwa, ba a layin ruwa, ba a ƙulla zumuncin da zai kai tsufa. Marubuciya na iya cinye shafi uku tana lissafa kayan lefe, leshi nawa, atamfa nawa, amma ba za ta gaya mana mutum nawa ne ke kwana a ɗakin da ta ajiye tauraruwarta ba.

Ga shi kuwa labarin na gaskiya a nan yake. Duk wanda ya yi jami'ar gwamnati a ƙasar nan ya san cewa tashin hankalin farko shi ne samun gadon kansa. Gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka ranar da aka buɗe shafin neman gado a intanet kowa na riƙe da waya, kafin ka ankara sun ƙare. Wanda ya samu yakan ɗauki wanda bai samu ba ya raɓa, har ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas, katifu a ƙasa, bokitai a ƙarƙashin gado. Wani ya sayar da gadonsa a ɓoye don ya samu kuɗin abinci. Akwai tashin asuba don kama layin famfo, akwai rigimar wa ya cire cajar wa idan an kawo wuta, akwai risho da ake ɓoyewa idan an zo duba ɗakuna. Akwai ƙullin da uwa ta haɗo daga gida, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, da lissafin yadda zai kai ƙarshen zango. Akwai daren da abincin kowa ya ƙare, aka haɗa ɗan abin da ya rage a tukunya ɗaya aka ci ba tare da an tambayi na waye ba. Marubucin da ya iya aikinsa zai fitar da halin mutum a layin famfo fiye da yadda zai fitar da shi a ɗakin otal.

Sannan akwai abin da hostal yake yi wanda ajin lakca ba ya iya yi. Yarinyar da ta tashi a Aujara, wadda duk wanda ta sani ya san kakanta, sai ta wayi gari gadonta na kallon na wata 'yar Binuwai ko 'yar Ilori. Wannan na shimfiɗa sallaya, waccan na shirin coci. Dole su koyi yadda za su raba taga ɗaya da tsintsiya ɗaya. Wata ta kwanta zazzaɓi da tsakar dare, wadda ba su haɗa addini ko yare ba ce za ta riƙe ta zuwa asibitin makaranta. A ƙasar da kullum ake kukan rashin fahimtar juna, wannan ɗaki na daga cikin wurare ƙalilan da ake tilasta mana zama da wanda ba mu zaɓa ba. Littattafanmu kuwa, idan sun sako abokiyar ɗaki daga wata ƙabila, yawanci ita ce ƙofar ɓarna.

Tarihi ma ya ba marubuta kayan aiki, ba su ɗauka ba. A 1978, lokacin da gwamnatin soja ta ƙara kuɗin abinci da na kwana a jami'o'i, har da ƙarin kwabo 50 a kan abincin yini, ɗalibai suka yi boren da aka sani da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1986, a Jami'ar Ahmadu Bello, jerin gwanon tunawa da wancan bore ya ratsa ta ɗakunan kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukuncin da aka yanke wa shugabannin ɗalibai ya haifar da zanga-zanga, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta, ɗalibai suka mutu, aka rufe jami'o'i da dama a ƙasar. Ke nan farantin abinci da ƙofar hostal sun taɓa girgiza Najeriya. A 2022 kuma yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suka kwashe kaya suka koma gida, wasu suka kama sana'a, wasu aka aurar da su, ba su koma ba. Ina littafin da ya bi 'yan ɗaki ɗaya ya nuna mana inda waɗannan watanni suka jefa kowacce?

Mun san dalilin da ya sa marubuta suke bin waccan hanya. Tun zamanin littattafan soyayya na Kano ake zarginsu da ɓata tarbiyya. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001, a 2007 kuma har ƙona littattafai aka yi. Marubucin da ya tashi cikin wannan zargi yakan kare kansa da cewa faɗakarwa yake yi, kuma hanya mafi sauƙi ta faɗakarwa ita ce a nuna ɓarna sannan a hukunta mai yin ta. Ga kuma kasuwa: shafin da aka tsaya a kan baƙar mota ya fi sa masu karatu biyan kuɗin ci gaba. To amma faɗakarwar da ta nuna rabin gaskiya ta ɓoye rabi, tsoratarwa ce. Kuma adabinmu ya taɓa yin abin da ya fi haka. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta an yi mata auren dole, ilimi ne kuma ya dawo mata da mutuncinta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wancan littafi ya tura 'yan mata zuwa aji. Bai kamata jikokinsa su riƙa tare su a bakin ƙofa ba.

Abin ya fi nauyi a wuri irin namu. An ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, amma sai a 2011 ta samu Jami'ar Tarayya ta Dutse, sannan a 2013 jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. A gidaje da yawa na Aujara da Jahun da Kiyawa, yaran da ke shiga jami'a yanzu su ne na farko a danginsu. Babu yaya ko inna da ta yi zaman hostal da za ta ce, "A'a, ba haka abin yake ba." Inda babu shaidar ido, labari ne ke zama shaida. 'Yar Kano ko 'yar cikin garin Dutse na iya zuwa lakca ta dawo gidansu ta kwana. 'Yar ƙauye ba ta da wannan zaɓi. Idan aka hana ta hostal, ko dai ta haƙura da karatun, ko a ajiye ta gidan wani dangi ta zama mai wanke-wanke da raino, ko a kama mata haya a wajen makaranta.

Hayar waje kuwa ba ta fi tsaro ba. A Satumbar 2023 'yan bindiga sun kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. A Oktobar shekarar aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya a cikin gari. Jigawa ba ta cikin irin wannan masifa, Allah ya ƙara kiyayewa, amma darasin a fili yake: matsalar 'ya'yanmu mata ita ce ƙarancin gado a cikin katangar makaranta, inda akwai masu gadi da dokar rufe ƙofa. Adabin da ya damu da su zai tambayi dalilin da ya sa gadajen ba su isa ba, da abin da ke samun wadda ta rasa.

Ba muna roƙon a wanke hostal a mai da shi aljanna ba. Wanda ya yi haka shi ma ya yi ƙarya, domin akwai cunkoso, akwai ƙazanta, akwai sata, akwai miyagun ƙawaye. Muna roƙon a shiga ɗakin ne kawai. Da yawa daga cikin masu rubuta labaran nan ɗalibai ne ko sun gama, wasu ma a kan gadon sama suke buga shafin yau da waya. Sun san ƙarar bokiti da asuba, sun san ɗanɗanon kwaki a makon jarrabawa, sun san wadda ta ba su aron kuɗin mota ranar hutu. Su rubuta wannan, da sunayen abubuwa da farashinsu da warinsu, ɓatagarin ma su fito a matsayin mutane masu dalili da tarihi.

Yarinyar Aujara dai ta tafi, bayan mahaifinta ya je da kansa ya ga ginin ya gaisa da masu gadi. Gwaggonta ta haɗa mata ƙullin yaji da daddawa, har yanzu kuma tana sauraron littattafanta tana tsince shinkafa. Muna jiran ranar da za ta ji wanda zai gaya mata gaskiyar ɗakin da 'yar ɗan'uwanta take kwana.