Kwamitin ɗa'a da bayanan salula: sharhi a kan ƙa'ida ta 22 ta kundin CIOMS na 2016

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba ƙa'ida ta 22 ta kundin CIOMS, wadda ta shafi binciken lafiya da ake yi da intanet da na'urorin zamani. Mun nuna abin da ƙa'idar ta gano daidai, sa'an nan muka kawo wurare huɗu inda ta gaza. Ra'ayinmu shi ne ƙa'idar ta gane sabuwar cutarwa, amma ta bar ta a hannun tsohon tsarin sa ido da aka gina domin kare jiki.

1. Gabatarwa

Duk malami ko ɗalibin da ya taɓa kai takardar tsarin bincikensa (protocole) gaban kwamitin ɗa'a ya san irin tambayoyin da ake yi masa: wane magani za a ba mutane, jini nawa za a ɗiba, wa zai sa hannu, da wane harshe za a yi bayani. Tambayoyin nan suna da tarihi. Sun fito daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964. A ƙasar Hausa ma an ɗanɗana abin da rashinsu ke jawowa: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, kuma daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya.

Dukan wannan tsari ya tsaya a kan jikin mutum da sa hannunsa. To, amma yau ana iya yin binciken lafiya a kan mutane miliyan ba a taɓa jikin ko ɗaya ba, ba a ma gaishe shi ba. Ana amfani da bayanan kiran salula, da rajistar asibiti da aka zuba cikin kwamfuta, da abin da mutane ke rubutawa a Facebook, da lambobin GPS da mai tambayoyi ke ɗauka a ƙofar gida. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin Nijar ƙasa ce da ake manyan bincike a cikinta: gwajin rigakafin gudawar yara (rotavirus) da cibiyar Epicentre ta Maraɗi ta yi a Madarumfa, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, da gwajin MORDOR na azitromisin a jahar Doso, wanda aka buga a 2018, misalai ne biyu kawai.

2. Abin da ƙa'idar ta ƙunsa

CIOMS majalisa ce ta ƙungiyoyin kimiyyar likitanci, mazauninta Janeba. Hukumar lafiya ta duniya (OMS) da UNESCO ne suka kafa ta a 1949. Ta fitar da kundin ƙa'idojin bincike a 1982, ta sabunta shi a 1993 da 2002 da 2016. An tsara kundin tun farko da nufin taimakon ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, shi ya sa kwamitocin Afirka ke yawan dogara da shi. Bugun 2016 yana da ƙa'idoji 25, kuma a cikinsa ne aka fara keɓe ƙa'ida guda domin na'urorin zamani.

A taƙaice, ƙa'idar ta ɗora wa mai bincike abu uku. Na farko, ya auna hatsarin tonuwar sirri, ya rage shi, ya bayyana abin da ya saura cikin takardar tsarinsa. Na biyu, ya sanar da masu bayanan dalilin amfani da su, da matakan tsaro da iyakarsu, ya kuma ba su damar ƙin yarda. Na uku, idan yana kwasar bayanai daga dandalin intanet na kowa da kowa ba tare da magana da mutanen ba, aƙalla ya nemi izinin mai dandalin, ya manna sanarwa, ya bi sharuɗɗan dandalin.

Abin yabo a nan shi ne ƙa'idar ba ta yarda cewa share suna ya isa ba. Ta yi la'akari da cewa ana iya gano mutum ta hanyar haɗa rumbun bayanai biyu ko uku. Wannan gaskiya ce da aka tabbatar. A 2013, Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa sun duba bayanan salula na mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, waɗanda aka share musu suna. Suka tarar sanin wuri da lokaci sau huɗu kawai ya isa a ware mutum 95 cikin 100. Haka kuma ƙa'idar ba ta hana irin wannan aiki ba, kuma daidai ta yi. Binciken da Amy Wesolowski da abokanta suka buga a 2012, da bayanan layukan salula kusan miliyan 15 a Kenya, ya nuna yadda zirga-zirgar mutane ke kai zazzaɓin cizon sauro daga yankin tafkin Biktoriya zuwa wasu sassan ƙasar. Ilimi ne mai amfani, wanda tambayoyin gida-gida ba za su samar da shi ba.

3. Gazawa ta farko: binciken da ba ya zuwa gaban kwamiti

Ƙa'idar tana magana da mai bincike da kwamitin ɗa'a, kamar dai kowane aiki sai ya bi ta hannunsu. Manyan abubuwan kunya na wannan fanni kuwa sun faru ne a inda aka kauce wa kwamiti ta hanyar sauya wa aikin suna.

A Janairun 2012, Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani a shafukansu na tsawon mako guda, domin a gani ko labari mai daɗi ko marar daɗi yana sauya halin zuciyarsu. An buga sakamakon a 2014. Jami'ar Cornell ta Amurka, wadda malamanta ke cikin marubutan, ta bayyana cewa aikin bai buƙaci bitar kwamitinta ba, tun da kamfanin ne ya tattara bayanan. A Ingila kuma, a 2015, asibitocin Royal Free na Landan sun miƙa wa kamfanin DeepMind na Google bayanan majinyata kusan miliyan 1.6 domin gina manhajar Streams mai gano ciwon ƙoda na gaggawa. An kira aikin kula da majinyaci, ba bincike ba. Sai a Yulin 2017 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta yanke cewa asibitin ya saɓa wa doka, bayan bayanan sun riga sun tafi.

A duka biyun, ba kwamiti ne ya yi kuskure ba. Ba a tambaye shi ba ne. Ƙa'ida ta 22 ba ta faɗi wanda zai yanke cewa aiki bincike ne ko ba bincike ba. Muddin mai aikin ne ke raɗa masa suna, to, zai zaɓi sunan da ba ya jawo masa jinkiri. A wajenmu sunayen a shirye suke: gwajin manhaja, bin sawun shiri (suivi-évaluation), aikin agaji. Ana tsananta wa ɗalibin da zai tambayi mata 50 a unguwa, ana barin wanda ya kwashi rajistar jaha sukutum. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

4. Gazawa ta biyu: mutum ɗaya, salula ɗaya

Ƙa'idar ta ɗauka cewa mai bayanan mutum ne guda, mai na'urarsa shi kaɗai, wanda ke karanta sanarwa. Wanda ya zauna ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ya san ba haka abin yake ba. Salula guda tana iya zama ta gida duka. Mace takan bayar da lambar mijinta ko ta ɗanta. Ana barin talho a wajen mai caji yini guda. Wanda bai iya karatu ba yakan miƙa wa ɗan makaranta ya karanta masa saƙo.

Mu ɗauki binciken da ke aika saƙon tunatarwa ga matan da suka karɓi maganin tazarar haihuwa, ko ga masu shan maganin sida ko tarin fuka. Ana iya kulle rumbun bayanan da mabuɗi mafi ƙarfi, kwamiti ya duba ya gamsu, amma sirrin ya tonu a tsakar gida lokacin da saƙon ya shigo hannun wanda bai kamata ya gani ba. Sakamakon yana iya zama duka, ko saki, ko tsangwama. Ƙa'idar ta kalli inda ake ajiye bayanai, ba ta kalli hannun da ke riƙe da talho ba.

Batun izinin mai dandali ma abin dubawa ne. Mai dandali ba waliyyin masu rubutu a cikinsa ba ne. Sanarwar da aka manna da Faransanci ko Ingilishi, a wurin da mafi yawan magana muryar Hausa ce ko Zabarmanci ake aikawa, ba sanarwa ba ce sai a takarda.

5. Gazawa ta uku: cutar da ta sami jama'a

Duk kariyar da ƙa'idar ta tanada ta mutum ɗaya ce: kada a gane wane. Amma taswira tana iya cutar da gari ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Idan aka nuna cewa unguwa kaza ce cuta mai abin kunya ta fi yawa, an ɓata sunan kowa a cikinta, har da wanda bai shiga binciken ba.

Dabarar da aka saba ita ce gusar da lambar GPS. A binciken ƙidaya da lafiya na DHS, an bi tsarin gusar da wuri har kilomita 2 a birni da kilomita 5 a karkara, kashi 1 cikin 100 na karkara kuma har kilomita 10. A ƙasa mai cunkoson ƙauyuka wannan yana ɓatar da sawu. A yankin makiyaya na arewacin Tawa, inda rijiya ɗaya ko zango ɗaya ke tsaye cikin nisa mai yawa, gusarwar kilomita 5 ba ta ɓoye komai. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare kuwa, bayanin da ke nuna inda mutane ke kwana da hanyar da suke bi ba na lafiya ba ne kawai. A Janairun 2018 an ga yadda taswirar manhajar motsa jiki ta Strava, wadda babu sunan kowa a kanta, ta fallasa sansanonin soja a Afganistan da Siriya. Kundin CIOMS yana da ƙa'ida ta 7 a kan shigar da al'umma cikin bincike, amma bai ɗaura ta sosai da ta 22 ba, alhali a nan ne aka fi buƙatarta.

6. Gazawa ta huɗu: lokaci

Kwamiti yana yin babban aikinsa kafin a fara bincike. Gwajin magani yana da farko da ƙarshe. Bayanai ba su da ƙarshe. Ana kwafe su, a haɗa su da wasu, kamfanin da ya riƙe su ya sauya hannu. A Nuwamban 2018 Google ya bayyana cewa zai haɗiye sashen lafiya na DeepMind, aka kuma rushe kwamitin masu sa ido na waje da sashen ya kafa.

An rubuta ƙa'idar kafin yaɗuwar manyan manhajojin basirar na'ura. Takardar yarda tana gaya wa mutum cewa yana iya janyewa duk lokacin da ya so. To, idan an riga an horar da manhaja da hoton ƙirjinsa ko muryarsa, me zai janye? Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Bayanan da suka shiga cikin manhaja ma haka suke. OMS ta fitar da jagora a kan ɗa'ar basirar na'ura a 2021, ta ƙara wani a Janairun 2024, an kuma sabunta sanarwar Helsinki a Oktoban 2024. Amma manufofi ne na gaba ɗaya. Ba su ba kwamitin da ke zaune a Yamai ikon bin sawun bayanan da ke ajiye a wata nahiya ba.

7. Kammalawa

Ba muna cewa a yi watsi da ƙa'ida ta 22 ba. Muna cewa a karanta ta a matsayin mafari, a cike giɓinta a gida. Nijar tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya (CNERS), tana da dokar kare bayanan mutane ta 2017 wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sake dokar a 2022. Abin da ya rage shi ne a haɗa aikin biyun. Muna ba da shawara huɗu:

a) Kwamiti ne zai yanke ko aiki bincike ne, ba mai aikin ba; duk wanda zai fitar da bayanan majinyata masu yawa ya gabatar da kansa, ko da wane suna ya raɗa wa aikin.

b) A sa masanin kwamfuta da tsaron bayanai cikin kowane kwamiti, mai ƙuri'a kamar likita.

c) Takardar tsarin bincike ta amsa tambayoyi uku a fili: wa ke riƙe da talhon da za a aika wa saƙo, a wace ƙasa bayanan za su zauna, yaushe za a share su.

d) Kada a buga taswirar da ta kai matakin ƙauye ko zango sai an tattauna da mutanen wurin da harshensu.

Ga ɗalibanmu kuma, tun kafin wata doka ta tilasta musu, akwai gwaji mai sauƙi. Kafin ka zuba sunayen matan da ka tambaya cikin kwamfutarka, ko ka aika su ta WhatsApp ga malaminka, ka tambayi kanka ko za ka iya komawa ƙauyen ka bayyana musu da Hausa inda maganarsu ta je. Idan ba za ka iya ba, tambarin kwamiti a kan takardarka bai wanke ka ba.