Takardar Sanarwa Ba Ta Buɗe Ƙofar Da Aka Rufe

'Yan uwa ɗalibai, na san wani zai ce mene ne haɗin ɗalibin da ke haya da dokar inshorar gidaje a Amurka. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da dattijuwar da nake haya a gidanta a jihar Kalifoniya ta miƙo mani wata takarda in taya ta karantawa. Kamfanin da ta shekara da shekaru tana biya ne yake sanar da ita cewa ba zai sabunta mata inshora ba, saboda unguwarmu tana kusa da daji. Bayan wata uku kuɗin hayata ya ƙaru. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

A nan, banki ba ya ba mutum bashin sayen gida sai gidan yana da inshora. Wanda kamfanoni suka ƙi, sai ya nufi wani tsari da ake kira FAIR Plan, wato tudun mun tsira. An kafa shi a 1968, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, lokacin da kamfanoni suka guje wa unguwannin talakawa. Ba gwamnati ke zuba masa kuɗi ba, kamfanonin inshorar da ke da lasisi a jihar ne suka haɗu suke ɗauke da shi. Kariyarsa kuwa ba ta wuce ta gobara da hayaƙi da makamantansu ba. Idan ɓarawo ya shigo, ko famfo ya fashe, ko baƙo ya faɗi ya karye a gidanka, babu ruwansa, sai ka sayi wata inshorar daban ka cike gibin.

Abin da aka tanada don 'yan tsiraru yanzu ya zama kasuwa. Gobarar da ta cinye garin Paradise a 2018 ta kashe mutum 85, ta kuma firgita kamfanoni. A watan Mayun 2023 State Farm, wanda ya fi kowa yawan gidaje a jihar, ya sanar da daina karɓar sababbin gidaje. Tsakanin 2020 da 2024 yawan masu riƙe da takardar FAIR Plan ya ninka fiye da sau biyu, har ya haura 450,000. Ganin haka ne 'yan majalisa suka shiga neman hanyar rage cunkoso. Dokar AB 3012 ta 2020 ta umarci tsarin ya buɗe wani zaure inda kamfanoni za su ga bayanan mutanen da ke cikinsa, su yi masu tayi ta hannun dillalansu. A 2023 aka faɗaɗa wannan zuwa gine-ginen kasuwanci. Tunanin da ke ƙarƙashin irin waɗannan dokoki shi ne, mutane suna zaune a mafakar ƙarshe ne don ba su san akwai wata hanya ba, da zarar an sanar da su za su tashi.

Ba na musun cewa akwai gaskiya a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutum kan shiga tsarin a shekarar da kasuwa ta yi tsauri, ya ci gaba da sabuntawa ba tare da ya sake tambaya ba, alhali wataƙila ya canza rufin gidansa, ya sare ciyayin da ke kewaye, har wani kamfani zai iya karɓarsa. Wannan mutum sanarwa za ta amfane shi, kuma da babu gara ba daɗi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin a karɓi mutum a FAIR Plan, sai an nema masa inshora a kasuwa an rasa. To wanda ya buga ƙofofi aka ƙi buɗe masa, me takarda za ta ƙara masa idan ta ce akwai ƙofofi? Mun zauna da mai gidana muka kira dillalai ɗaya bayan ɗaya, da sun ji adireshin sai murya ta canza. Dokar ta ba kamfani damar ya duba, ba ta tilasta masa ya ɗauka ba, don haka zai tsince gidajen da hatsarinsu bai da yawa, ya bar wa tsarin ragowar. An bar jaki ana dukan taiki.

Ragowar nan kuwa kowa take shafa. Bayan gobarar Palisades da Eaton ta Janairun 2025, wadda ta lalata gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Anjalas, kuɗin tsarin suka kasa, har kwamishinan inshora Ricardo Lara ya amince a karɓi dala biliyan 1 daga kamfanoni, aka kuma ba su damar neman rabin kuɗin daga aljihun abokan cinikinsu. Daga mai gida kuma nauyin ya gangaro kan ɗan haya.

Akwai kuma wani hatsarin, wato sanarwa ta rikiɗe ta zama sallama. A jihar Fulorida, inda Citizens ke matsayin mafakar ƙarshe tun 2002, dokar Disambar 2022 ta ce idan kamfani ya yi maka tayin da tsadarsa ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari a kan abin da kake biya ba, ka rasa haƙƙin zama. A wannan shekarar ce kuma kamfanonin inshora da dama suka durƙushe a jihar. An rage cunkoso kam, amma mai gida bai zaɓa ba, tura shi aka yi.

Da ni za a tambaya, sanarwa mai amfani ita ce wadda ta jera wa mutum abin da yake biya a FAIR Plan haɗe da inshorar cike gibi, kusa da abin da kamfani ya yi tayi, ta faɗi abin da kowanne ke karewa da ƙarfin kamfanin, cikin harshen da tsohuwa za ta gane ba sai ta nemi ɗan haya ba. Sannan a riƙa bayyana wa jama'a duk shekara mutum nawa suka fita da gaske. Ƙa'idar da jihar ta fitar a ƙarshen 2024, wadda ta ɗora wa kamfanoni sharaɗin ƙara karɓar gidaje a yankunan gobara kafin su ci moriyar sabon lissafin farashi, ta fi kusa da tushen cutar, ko da yake ita ma tana zuwa da tsada.

Ku kuma 'yan uwa masu haya, ku sani inshorar mai gida ba ta biyan kwamfutarku da littattafanku idan wuta ta tashi. Ku tambayi inshorar 'yan haya tun kafin a yi ihu bayan hari. Allah Ya kare mu, Ya mayar da mu gida lafiya.