Kowa Ya Tuna Bara: Norah Jones da Masu Sauraronta

A watan Nuwamba na shekarar 2009 mawaƙiyar nan ta Amurka, Norah Jones, ta fitar da kundin waƙoƙinta na huɗu mai suna The Fall. Duk wanda ya saba da ita, da jin faifan ya san wani abu ya sauya. Piyanon da ake gane ta da shi ya ja baya, jitar lantarki da ganguna sun matso gaba, makaɗan da suka yi shekaru tare da ita kuma an maye gurbinsu da wasu. Masu sauraro suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ta juya wa jaz baya, ta watsar da waɗanda suka ɗaga ta. Wasu suka ce sai yanzu ta farka daga dogon barci. Wannan maƙala tana ganin cewa ɓangarorin biyu sun yanke hukunci ne a kan Norah Jones ta shekarar 2002, alhali aikin da ke gabansu na wata shekara ne daban.

Kafin a auna ƙorafin ɓangare na farko, ya kamata a tambaya: wane jaz ne ta bari? An haife ta a 1979, 'ya ce ga Ravi Shankar, shahararren makaɗin sita na Indiya, ta tashi a hannun mahaifiyarta a jihar Teksas, ta kuma karanci piyanon jaz a jami'a. Kundinta na farko, Come Away with Me, ya fito a watan Fabrairu na 2002 daga kamfanin Blue Note, wanda tun kafa shi a 1939 aka san shi da jaz. Sunan kamfanin ne ya yi wa kundin rawani. Amma idan aka buɗe cikinsa, akwai waƙar Hank Williams, jigon kiɗan karkarar Amurka, waƙar da ta fi fice kuwa, "Don't Know Why", Jesse Harris ne ya rubuta ta a salon pop mai sanyi. Ƙirƙirar nan take, wadda ita ce ƙashin bayan jaz, kaɗan ce a cikinsa. Ko a daren Grammy na 2003 da ta karɓi kyaututtuka biyar, a rukunin pop aka saka kundin. Masu tsattsauran ra'ayin jaz tun a lokacin ba su ɗauke ta tasu ba.

To me masu ƙorafi suka rasa? A ganina, amfanin da suke yi da ita suka rasa. Kundin farko ya fito wata biyar bayan harin 11 ga Satumba na 2001, lokacin da jama'a ke neman abin da zai kwantar musu da hankali, sai ga murya mai taushi wadda ba ta ɗaga sauti ba ta gaggawa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20 a duniya. Ya zama kiɗan gidajen shan gahawa, na cin abincin dare, na mai jinya da mai raino. Wanda ya yi shekara bakwai yana kwana da wannan murya, ya haɗa ta da wani zamani na rayuwarsa, idan ya ce an ci amanarsa ba ƙarya yake yi ba. Sai dai abin da yake kuka a kai zamaninsa ne da ya wuce. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ita kuwa mawaƙiyar, bara ta riga ta ƙwace mata. Arif Mardin, dattijon da ya tsara sautin kundayenta biyu na farko, ya rasu a 2006. Daga baya ta rabu da Lee Alexander, makaɗin bas ɗinta kuma abokin rayuwarta, wanda suka rubuta waƙoƙi da yawa tare. Da ta ci gaba da yin irin kundin farko, da kwaikwayon kanta kawai za ta riƙa yi, da mutanen da suka gina wancan sautin ko babu su. Don haka ta ɗauko Jacquire King, wanda ya yi aiki da Tom Waits, ya tsara mata The Fall. A 2012 kuma ta haɗa kai da Danger Mouse suka yi Little Broken Hearts.

Duk da haka, ƙorafin yana da wani gefe mai ƙarfi da bai kamata a share shi ba. Muryar Norah Jones ba mai faɗi ba ce. Ƙarfinta yana cikin yadda take jinkirta kalma kaɗan a bayan bugun kiɗa, da yadda take barin shiru ya yi aiki tsakanin jimloli. Irin wannan murya tana buƙatar fili. A wasu waƙoƙin The Fall ganguna da jita sun cike filin, ita kuma tana rera waƙa kamar yadda ta saba, sai ya zama riga ce aka sauya, mai rigar tana nan yadda take. Mai sauraron da ya ji wannan rashin dacewa kunnensa bai yaudare shi ba. Kuskurensa shi ne ya ɗora laifin a kan sauyi gaba ɗaya, maimakon a kan sauyin da bai nuna ba.

Hujjar wannan ita ce Little Broken Hearts, wanda ya fi The Fall nisa daga kundin farko, kuma ya fi shi nasara. A waƙar "Miriam", mai magana tana fuskantar macen da ta shiga tsakaninta da masoyinta, tana shirin hallaka ta, amma da muryar lallashin jariri take faɗin haka. Taushin nan da aka saba jingina da shi, shi ne ya koma abin tsoro. A nan an sami sauyi na gaskiya, domin an ba tsohuwar murya sabon aiki wanda wata murya mai ƙara ba za ta iya ba.

Ɓangare na biyu ma bai tsira ba. A cikinsu akwai waɗanda suka daɗe suna yi mata laƙabi da "Snorah", daga kalmar Ingilishi ta minshari, wai waƙarta sa barci take yi. Da suka ji jitar lantarki sai suka yi tafi, kamar ƙarar sauti ita ce alamar balaga. Ke nan su ma ma'auninsu kundin 2002 ne: na farko suna auna kusancinta da shi, su kuma suna auna nisanta daga gare shi. Shi ya sa yabonsu bai iya bambance The Fall da Little Broken Hearts ba.

Abin da ya faru a 2016 ya fayyace lamarin. Ta fitar da Day Breaks, ta koma kan piyano, aka yi ta cewa ta dawo gida. Amma a kundin akwai Wayne Shorter da Dr. Lonnie Smith da Brian Blade, manyan makaɗan jaz, akwai kuma kiɗan Duke Ellington da na Horace Silver. Ya fi kundin farko zama jaz nesa ba kusa ba. Da jaz ne masu ƙorafi suka yi kewa, da nan suka sami abin da ya wuce burinsu. Gidan da aka ce ta dawo, ba ta taɓa zama a cikinsa haka ba sai a lokacin.

Ba ita ce ta fara shan wannan ba. An yi wa Bob Dylan ihu a bikin Newport na 1965 da ya ɗauki jitar lantarki, an kuma zargi Miles Davis da sayar da jaz a 1970. Sai dai wannan tarihi bai wanke kowane sauyi ba, domin akwai mawaƙan da suka sauya suka ɓata. Mai sauraro yana da haƙƙin ya ƙi sabon aiki, yana da haƙƙin ya riƙe tsohon faifansa har abada, babu mai karɓe masa. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya mai da sabonsa turke ya ɗaure mawaƙi. Mai nazari kuwa nauyin da ke kansa ya fi haka: ya tambayi kowane kundi me ya nufa, sannan ya duba ko ya kai. Da wannan ma'auni, The Fall ya kai rabin hanya, Little Broken Hearts ya isa.