Zumuntar Mata da Haƙƙin Maƙwabci

Malaman Kirista sun yi ittifaƙi a kan cewa farillan addininsu, duk yawansu, suna komawa ga guda biyu da Yesu Almasihu ya haɗa a cikin Linjila, watau ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Amma wanda yake son ya ga yadda wannan karantarwa take sauka daga mumbari ta shiga mu'amalar yau da kullum a ƙasar Arewa, wajibi ne ya duba ƙungiyar nan da ake kira Zumuntar Mata, wadda kusan babu majami'ar ECWA, ko COCIN, ko Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ba ta da ita, tun daga Garkida, inda mishan na Ekklesiyar 'Yan'uwa suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a 1923, har zuwa Sabon Garin Kano.

Idan aka yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, tun kafin fasto ya iso da ta'aziyya, matan nan sun riga sun cika tsakar gida, wannan da damin itace, waccan da kwanon garin masara, an girka manyan tukwane, an shimfiɗa tabarmi, kuma a nan waɗansunsu za su kwana suna waƙoƙin yabo da kiɗan tulu da caki, domin kada kaɗaici ya yi wa matar mamaci yawa. Haka suke yi wa maijego da ruwan wanka da kunun kanwa, haka kuma suke karɓa-karɓar jinya a asibiti, inda marar lafiyar da ba shi da dangi kusa yakan rasa mai kawo masa abinci. A ganina hikimar al'amarin ita ce ba su raba ibada da hidima ba: a taron mako guda ake karatun Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, a tara baiko, sa'an nan a ambaci sunan wadda ba a gani ba, a tura mata biyu su dubo lafiyarta.

Sai dai fa akwai abin bahasi. Zanen nan iri ɗaya da suke ɗaurawa, wanda asalinsa don kada a bambanta matar attajiri da matar leburan gona ne, yakan zama nauyi a kan matalauciya, wani lokaci har ya buɗe ƙofar riya. Abin da ya fi wannan girma shi ne iyakar alherin, domin galibinsa a tsakanin 'yan majami'a ɗaya yake kewayawa, alhali kuwa misalin Basamariye da ke cikin sura ta 10 ta Bisharar Luka hujja ce ƙarara cewa maƙwabcin da ake nufi yana iya zama baƙo, har ma wanda ake ƙyama. A dā wannan bai zama mushkili ba, tun da shinkafar Kirsimeti da naman layya suna ƙetare katanga kowace shekara, kuma shari'ar Musulunci ita ma ta tabbatar wa maƙwabci haƙƙinsa ko da ba Musulmi ba ne. Amma tun bayan fitinar Kaduna ta 2000 da ta Jos ta 2001 unguwanni a waɗannan garuruwa suka rabu bisa addini, har ya zamana yarinya takan girma ba ta taɓa kai kwanon abinci gidan wanda ba ɗan addininta ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo wa Ekklesiyar 'Yan'uwa a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yanta ne, aka kuma mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Ekklesiya ce da aƙidarta ta hana ɗaukar fansa, kuma wani ɗanta, Markus Gamache, shi ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira a Gurku ta jihar Nasarawa, inda aka zaunar da iyalan Kirista da na Musulmi a unguwa ɗaya da gangan.